Fashin Baƙi: Hutun iyali da ƙananan yara, tsakanin masaukin "dafa da kanka" da otal mai "komai a ciki"

A watannin Yuli da Agusta na kowace shekara, da zarar makarantu sun tafi dogon hutu, miliyoyin iyalai a Birtaniya da sauran ƙasashen Turai kan ɗaure kaya su nufi bakin teku a Sifaniya, Turkiyya, Masar da makamantansu.

Kafin a kai ga sayen tikiti, akwai tambayar da kan daɗe tana yawo tsakanin miji da mata, musamman masu goyo ko yara 'yan ƙasa da shekara biyar: shin gida za a kama a riƙa girki da kai, ko kuwa otal za a biya wanda zai ɗauki nauyin ci da sha da komai?

A zahiri tambaya ce ta kuɗi. Sai dai idan aka zurfafa bincike, za a tarar cewa babban abin da ya raba tsarin biyu shi ne wanda aikin gida zai hau kansa a tsawon kwanakin da aka ce na hutu ne.

Yadda tsarin biyu suke

A tsarin "dafa da kanka", iyali kan kama gida ko sashen bene mai ɗakin girki, firiji, tukwane da kwanuka, wani lokaci har da injin wanki. Kuɗin kwana kawai ake biya. Cefane, girki, wanke-wanke da shara duk na baƙo ne, kuma a wurare da dama ana sa ran ya gyara gidan kafin ya miƙa makulli.

A tsarin "komai a ciki" kuwa, ana biyan kuɗi dunƙule tun kafin a bar gida. Kuɗin kan ƙunshi ɗaki, abinci sau uku a rana, abin sha da abin taɓawa tsakanin abinci, gyaran ɗaki, wurin ninkaya da wasannin yara. Idan ta hannun kamfanin shirya tafiye-tafiye aka saya, yakan haɗa da kujerar jirgi da motar da za ta ɗauko iyali daga filin jirgi. A otal-otal da yawa akan ɗaura wa baƙo wani zare na roba a wuyan hannu, wanda shi ne shaidar cewa ya riga ya biya.

Tsakanin waɗannan biyu akwai matsakaitan tsare-tsare, kamar kwana da karin kumallo kaɗai, ko kwana da karin kumallo da abincin dare.

Inda aka samo su

Tarihi ya nuna cewa wahalar iyaye ce ta haifar da tsarin "komai a ciki" tun farko. A Ingila ta farkon ƙarni na 20, ma'aikacin da ya kai iyalinsa bakin teku yakan sauka a gidan haya, inda masu gidan kan fitar da baƙi bayan karin kumallo, ba za su dawo ba sai lokacin abinci, ko da ruwan sama ake yi.

Wani ɗan kasuwa mai suna Billy Butlin ya lura da yadda iyaye ke gararamba da yara a cikin ruwa da sanyi, sai ya buɗe sansanin hutunsa na farko a garin Skegness a shekarar 1936. Kuɗi ɗaya ake biya a samu ɗaki, abinci sau uku da nishaɗi na mako guda. Sansanonin nasa sun shahara da ma'aikatan da ke zagaya ɗakuna da dare suna sauraron kukan jarirai, domin a sanar da iyayen da suka tafi kallon wasa.

A wannan shekarar ta 1936 ce Faransa ta kafa dokar hutun mako biyu da albashi ga ma'aikata, Birtaniya kuma ta yi tata dokar hutu da albashi a 1938. Wannan ya buɗe wa talakan ma'aikaci ƙofar tafiya hutu da iyalinsa.

A 1950, wani ɗan ƙasar Beljiyam, Gérard Blitz, ya kafa Club Med, ya fara da tantuna a Alcudia da ke tsibirin Mayorka na Sifaniya. Kamfanin ne ya yaɗa tsarin a gaɓar tekun Bahar Rum, daga baya kuma ya ƙirƙiro sashen kula da yara inda iyaye ke ajiye 'ya'yansu na wasu sa'o'i.

Shi ma tsarin "dafa da kanka" yana da nasa jagororin. Kamfanin da aka sani yau da Center Parcs ya fara ne a ƙasar Holan a 1968 a hannun Piet Derksen, ya kuma buɗe reshensa na farko a Birtaniya a dajin Sherwood a 1987, inda iyalai ke kama ƙananan gidaje masu ɗakin girki. Zuwan Airbnb, wanda aka kafa a birnin San Francisco na Amurka a 2008, ya sa kama gidan wani na 'yan kwanaki ya zama abin da ake yi da wayar hannu cikin mintuna.

Lissafin da ba ya fitowa a rasit

Abin da ke jan hankalin iyaye zuwa gidan haya shi ne sauƙin kuɗi. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan rarar da aka samu wani ne ke biyan ta da guminsa.

A ɗauki misalin iyali mai mutum huɗu da zai yi mako guda. Abinci sau uku a rana na kwana bakwai ya kama girki sau 21, wato faranti 84, ban da abin taɓawar da ƙaramin yaro ke nema kusan kowace sa'a biyu. Idan aka ƙaddara cewa kowane girki, daga yanka albasa zuwa kife tukunya, zai ci sa'a guda, an tashi da sa'o'i 21. Wannan ya haura rabin makon aiki na ma'aikacin ofis, kuma ba a sa cefane, wanki da shara a ciki ba.

Ƙari a kan haka, aikin ya fi na gida wuya. Ɗakin girkin baƙo ne: wuƙa ba kaifi, tukunya ƙarama, babu gishiri, babu mai, babu kayan ƙamshin da aka saba da su. Ranar farko takan ƙare ne a neman kanti a garin da ba a sani ba, da yara masu jin yunwa da gajiyar tafiya.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani, wato na tunani: me za a ci gobe, madara ta kusa ƙarewa, kunzugu nawa ya rage, wane yaro ne ba ya cin ƙwai, yaushe za a bar bakin ruwa domin a ɗora tukunya. Wanda ke riƙe da wannan lissafi a kansa jikinsa na wurin hutu, hankalinsa na ɗakin girki.

Alƙaluma sun nuna wanda wannan nauyi ya fi faɗa wa. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2018 ya ce mata ne ke yin kashi 76.2 cikin 100 na aikin kula da gida da iyali da ba a biyan lada a kansa a faɗin duniya. A cewar rahoton, mace kan shafe sa'a 4 da minti 25 a rana a irin wannan aiki, namiji kuwa sa'a 1 da minti 23.

A Birtaniya, Ofishin Ƙididdiga na ƙasar ya bayyana a 2016 cewa mata kan yi kimanin sa'o'i 26 a mako na aikin da ba a biya, maza kuma 16. Rabon aikin da aka saba da shi a gida ba ya sauyawa don kawai an hau jirgi. Saboda haka uwa da yawa kan dawo daga irin wannan hutu da gajiyar da ta fi wadda ta tafi da ita, an gudu ba a tsira ba.

Wannan ne sirrin farin jinin otal mai "komai a ciki" a wurin masu ƙananan yara. Abin da suke saya da kuɗinsu shi ne mako guda da babu mai tambayar su abin da za a ci. Idan yaro ya ƙi shinkafa, sai a ɗebo masa taliya ba tare da an ƙara ko kwabo ba. Idan ya zubar da abin sha, wani ne zai goge.

Inda otal ke gazawa

Duk da haka, otal bai raba iyaye da dukkan wahala ba, wani lokaci ma sabuwa yake kawowa.

Matsala ta farko ita ce ɗaki. Mafi arhar tsari kan haɗa iyali duka a ɗaki ɗaya. Yaron da ya saba barci da ƙarfe bakwai ko takwas na dare zai tilasta wa iyayensa kashe fitila su zauna shiru a cikin duhu, ko su koma baranda suna magana ƙasa-ƙasa. Idan jariri ya farka da kuka, kowa ya farka. A gidan haya kuwa akwai falo da ɗakin kwana daban, yara na barci iyaye na hira.

Ta biyu ita ce lokaci. Ɗakin cin abinci na otal yana da sa'o'in buɗewa da rufewa, cikin yaro kuwa bai san agogo ba. Yaron da ya tashi da asuba yana neman abin kari ba zai jira a buɗe ƙofa ba. A lokacin cunkoso kuma, shiga layi da faranti a hannu ɗaya da yaro a ɗaya hannun aiki ne mai zaman kansa.

Ta uku, sashen kula da yara da ake tallatawa galibi yana karɓar waɗanda suka kai shekara huɗu ne zuwa sama. Masu jarirai da 'yan tatata sukan tarar cewa sai sun biya ƙarin kuɗi, ko kuma ɗaya daga cikin iyayen ya zauna tare da yaron. Wanki ma, wanda shi ne babban aikin mai goyo, ba kasafai yake cikin kuɗin da aka biya ba.

Ta huɗu ita ce nau'in abinci. Jaririn da aka fara ba shi abinci bayan wata shida na nono zalla, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ke ba da shawara, yana buƙatar abinci mai laushi marar gishiri da sukari da yawa, abin da ba lallai a samu a teburin da aka shirya domin ɗaruruwan manya ba. Haka nan yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, madara ko alkama ya fi samun kariya a inda uwarsa ko ubansa ya san abin da ya shiga tukunya.

Ga iyalai Musulmi akwai batun halal da kuma yanayin wurin, domin a otal-otal da yawa giya na cikin abin da aka biya. Wannan buƙata ce ta sa aka samu otal-otal a yankin Antalya da Alanya na Turkiyya da ba sa sayar da giya, suke kuma ware wa mata wurin ninkayarsu.

Lafiya da tsaron yara

Ta fuskar lafiya, kowane tsari da irin haɗarinsa. WHO na gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da sa'a biyu, a kuma ajiye mai zafi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Selshiyos. Abincin da aka jera a tebur kowa na ɗiba yana iya saɓa wa wannan ƙa'ida idan otal ya yi sakaci, kuma gudawa ta fi saurin galabaitar da ƙaramin yaro fiye da babba. Abin da ya fi dacewa shi ne a zo da wuri, a zaɓi abin da ke tururi.

Gidan haya kuma ba lallai an tsara shi domin yara ba. Matakala marar shinge, baranda mai faɗin tsakanin ƙarafa, sinadaran wanke-wanke a ƙasan wurin wanke kwanuka da wayoyin lantarki a fili duk abubuwa ne da ya kamata a duba a sa'ar farko.

Babban haɗarin da ya shafi tsarin biyu shi ne ruwa. Alƙaluman WHO sun nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar na cikin waɗanda suka fi mutuwa ta hanyar nutsewa. A gidan haya mai wurin ninkaya babu mai gadin ruwa, kuma lokacin da uwa ke kan girki uba na kan waya shi ne lokacin da yaro kan sulale. A otal ma, kasancewar mai gadi ba ta ɗauke wa iyaye sa ido ba.

Batun kuɗi da kariya

Kwatanta farashi na buƙatar a haɗa komai. A kan kuɗin gidan haya sai a ɗora cefane, kuɗin sharar da masu gida ke caja, kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, motar zuwa kanti, da abincin waje na ranakun da mai girki ya gaji. Idan aka tara, tazarar kan ragu, ko da yake ga iyali mai yara da yawa, ko iyalai biyu da suka haɗa kuɗi, gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, tun da otal kan kai yake caja.

Lokacin tafiya ma na da tasiri. Farashi kan yi tashin gwauron zabo a hutun makaranta, kuma a Ingila, tun daga watan Agustan 2024, iyayen da suka cire yaro daga makaranta domin tafiya hutu ba da izini ba na iya fuskantar tarar fam 80 kan kowane yaro, wadda ke komawa fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Masu yaran da ba su isa shiga makaranta ba su ne ke da damar tafiya a lokacin da farashi ya sauka.

Biyan komai tun gaba yana da nasa haɗarin. A ranar 23 ga Satumban 2019, kamfanin Thomas Cook, wanda ya shafe shekara 178 yana shirya tafiye-tafiye, ya durƙushe, ya bar 'yan Birtaniya kimanin 150,000 a ƙasashen waje, sai da gwamnati ta yi jigilar dawo da su. Abin da ya ceci da dama shi ne tsarin kariya na ATOL, wanda ke mayar wa matafiyi kuɗinsa ko ya dawo da shi gida idan kamfanin da ya sayar masa da tafiya a dunƙule ya karye. Wanda ya sayi tikiti daban ya kama gida daban ba kasafai yake da irin wannan kariya ba.

Mutanen garin da ake ziyarta

Akwai wani ɓangare na uku da zaɓin iyaye ke shafa, wato mazauna wurin. Baƙon da ya biya komai a otal ba shi da dalilin fita ya ci abinci a gari ko ya sayi 'ya'yan itace a kasuwa. Wannan ƙorafi ne ya sa gwamnatin Gambiya ta haramta tsarin "komai a ciki" a 1999, kafin ta janye haramcin ba da daɗewa ba saboda matsin lambar kamfanonin da ke kawo baƙi.

Gidajen haya na 'yan kwanaki kuwa suna kai kuɗi kasuwar gari, amma ana zargin su da tsawwala kuɗin haya ga 'yan gari. A 2024 hukumomin birnin Barcelona sun sanar da shirin kawo ƙarshen lasisin irin waɗannan gidaje nan da 2028.

Yadda abin ya shafi Najeriya

Wannan muhawara ta fara shigowa gida. A Legas da Abuja, gidajen haya na 'yan kwanaki sun yawaita, musamman a watan Disamba da lokutan biki, haka kuma iyalan da ke zuwa Umara kan zaɓi tsakanin otal mai ciyarwa da masaukin da za su nemi abincinsu. Mai kama gida a Najeriya na da ƙarin tambayoyi: wa zai sayi man janareta, akwai gas a tukunya, ruwa na zuwa?

Wani bambanci shi ne iyalai masu hali a nan kan tafi da 'yar aiki ko ƙanwar uwar gida. Aikin bai ragu ba, an dai sauke shi ne a kan wata, sau da yawa yarinya ƙarama wadda ita ma ke buƙatar hutu.

Ga mafi yawan jama'a kuwa, hutu shi ne zuwa gida da Sallah ko Kirsimeti, inda maza ke zaune ana gaisawa, mata na bakin murhu daga safe har dare. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi aƙalla kwana shida na hutu da albashi ga wanda ya cika shekara yana aiki. Aikin uwa a gida ba ya cikin wannan lissafi.

Abin da ya kamata a daidaita kafin tafiya

Babu tsarin da ya dace da kowa. Mai jariri ko yaron da ke da abincin da aka hana shi zai fi samun natsuwa a gida mai ɗakin girki da injin wanki. Mai yara 'yan shekara huɗu zuwa sama, waɗanda za su iya shiga sashen wasanni, zai fi cin moriyar otal. Akwai kuma otal-otal masu ɗakuna haɗe da ɗan wurin girki, waɗanda suka haɗa amfanin ɓangarorin biyu.

Idan gida aka zaɓa, yana da kyau a raba aiki baki da baki tun kafin a tashi: wa ke da karin kumallo, wa ke da wanke-wanke, wa zai riƙe yara yayin da ɗayan ke hutawa. A rage buri a kan girki, a yi sau ɗaya a rana, a kuma ware kuɗin cin abinci a waje a cikin kasafin tun farko. Tafiya da ɗan gishiri, mai da abincin daren farko na rage wahalar ranar isowa.

Idan otal ne, a tambayi shekarun da sashen yara ke karɓa, sa'o'in abinci, samuwar gadon jariri da firiji a ɗaki, da jerin abubuwan da ba sa cikin kuɗin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk tsarin da iyali ya ɗauka, ma'aunin da ya kamata a auna hutun da shi a ranar dawowa shi ne ko wanda ya fi kowa aiki a gida ya samu ya huta.